Neman asalin kaka a ƙasar Konni da Adar: abubuwan da ya kamata ka sani

Takarda ba ta nisa

Wanda ya je ofishin magajin gari a Konni, Malbaza ko Illela neman takardar haihuwar kakansa, da wuya ya dawo da ita. A zamanin Faransawa ba a damu da rubuta haihuwar ɗan ƙauye ba. Masu biyan haraji kumandan ke ƙirgawa. Shi ya sa katin tsofaffi da yawa ke ɗauke da "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza: an dubi fuskarsa ne aka kimanta.

Suna ma yana rikita mutum. Na uba ne ke bin na ɗa, don haka yana sauyawa daga tsatso zuwa tsatso, ga Mahamadou a wata takarda ya koma Mamane a wata. Malbaza kuwa sai a 2011 aka cire ta daga Konni, saboda haka tsofaffin takardunta da sunan Konni za ka neme su. Ka kuma tabbatar wace Illela ake nufi, ta Adar ko ta jihar Sakkwato.

Fara da bakin tsofaffi

Nan dukiyar take, kuma ita ce ke ƙarewa kullum. Kada ka ce wa tsohuwa, "Kaka, a wace shekara aka haifi babanki?" Tambaye ta me ya faru lokacin. In ta ce an goyo shi aka gudu ranar da Nasara suka ƙone birni, ka samu watan Mayun 1899, lokacin da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Konni. In ta ambaci Kakalaba, yunwar wajajen 1914 ke nan. Dubi tsagar fuska a tsohon hoto, saurari kirarin da maroƙa ke yi wa gidanku, buɗe gafakar malam: wasu kan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi.

Bayan bakin tsofaffi, akwai abin da aka rubuta. Gidan sarautar Illela ta Adar na jan salsalarsa zuwa Agabba, ɗan Sarkin Agadas, kuma masanin tarihi Djibo Hamani ya bi tarihin Adar a littafinsa na 1975. Rahotannin kumandodi suna ma'ajiyar tarihi ta Yamai, wasu a Dakar da Aix-en-Provence ta Faransa.

Gwajin ƙwayar halitta

Da yawun baki ake yinsa. Wani irin gwajin na bin layin uba zalla, wani na uwa, na uku yana gano dangi har wajen kakanni biyar ko shida. Sai dai ba ya faɗin sunan kakanninka. Kwatanta ka yake yi da waɗanda suka riga suka yi gwajin, mutanenmu kuwa kaɗan ne a rumbunan kamfanonin Amurka da Turai.

Abin da ya fi damuna shi ne yana iya tono abin da gida ya rufe: riƙo, bauta, ko nasaba. Kafin ka aika yawunka, zauna da manyan gida, don sakamakon ya shafi 'yan'uwan da ba su ce a gwada su ba.