Ƙafa da Allura: Asalin Yawon Tsauni Mai Araha da Ɗinkin 'Yartsanar Yadi a Ƙasar Jamus

Gabatarwa

Akwai wata fahimta da ta daɗe a zukatan jama'a, cewa nishaɗi kayan mai hali ne, shi kuwa talaka barci ne hutunsa. Wannan maƙala za ta duba al'amura biyu waɗanda suka ƙaryata wannan fahimta, watau yawon tsauni tare da kwana a waje da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da kuma ɗinka wa yara abin wasa mai laushi da hannu. A ido babu abin da ya haɗa su. Amma duka biyun sun sami siffar da duniya ta san su da ita a ƙasar Jamus, tsakanin shekarar 1880 da 1914, kuma a hannun mutanen da ba wata dukiya gare su ba: 'yan makaranta, da wani malamin firamare, da wata mai ɗinki wadda cutar shan-inna ta gurgunta. Abin da za a nuna shi ne yadda suka faro, da dabarun da suka sa suka yi araha, sa'an nan da yadda arahar nan ta so kuɓucewa daga baya.

Zamanin da tsauni ke hannun masu hali

A tsakiyar ƙarni na 19, hawan tsauni don sha'awa sana'ar attajirai ce. An kafa ƙungiyar mahaya tsaunukan Alps ta farko a Landan a 1857, kuma 'ya'yanta akasari lauyoyi ne da malaman jami'a da manyan limaman coci, waɗanda ke da halin tafiya Suwizalan su ɗauki 'yan jagora da 'yan dako, su kuma sauka a otal. Su ne irin su Edward Whymper, wanda ayarinsa ya fara kaiwa ƙololuwar dutsen Matterhorn a 1865. A daidai wannan zamani kuwa masana'antu suna ta janyo mutanen karkara zuwa birane. Birnin Berlin, wanda mutanensa ba su kai miliyan 1 ba a 1871, ya kai wajen miliyan 2 a 1905. Yaran da aka haifa a lungunan irin waɗannan birane sukan girma tsakanin hayaƙi da bango, da yawansu ba su taɓa kwana ɗaya a daji ba.

'Yan makarantar Steglitz

A 1896, wani ɗalibin jami'a mai suna Hermann Hoffmann, wanda ke koya wa yaran wata sakandare gajeren rubutu irin na sakatarori a garin Steglitz kusa da Berlin, ya fara fita da su yawon ƙafa. Da farko yini guda ne, amma a 1897 sai suka yi mako biyu a duwatsun Harz. A ranar 4 ga Nuwamba 1901 ɗaya daga cikin yaran nan, Karl Fischer, ya mai da abin ƙungiya sosai, aka raɗa mata suna Wandervogel, ma'ana tsuntsu mai ƙaura.

Gaskiya ne iyayen waɗannan yara ba matalauta ba ne, amma aljihun ɗan makaranta ko'ina ɗaya yake. Saboda haka sai suka bi abubuwa huɗu da ke cinye kuɗin matafiyi, suka rage kowannensu. Wajen sufuri, sai su shiga aji na huɗu na jirgin ƙasa, wanda ya fi kowane araha, su sauka a gindin duwatsu, saura kuma ƙafa ta ƙarasa. Wajen masauki, sai su roƙi manomi ya bar su su kwana cikin ɗakin da yake ajiye busasshiyar ciyawar dabbobinsa. Wajen abinci, tukunya ɗaya suke ɗauka, su hura wuta a bakin rafi su dafa da kansu. Wajen kaya kuwa, abin da jakar baya ba ta ɗauka ba, to ba a bukatarsa. Daga baya, wajen 1930, wani jagoran matasa mai suna Eberhard Koebel ya ƙago wani baƙin tanti da ake kira Kohte, wanda ya kwaikwayo daga na mutanen Sami na arewacin Turai. Ƙyalle huɗu ne ake haɗawa, kowane yaro ya ɗauki ɗaya, sandunan kuma a dajin ake samo su, sa'an nan samansa a buɗe yake don a iya hura wuta a ciki. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

Malamin da hadari ya tsare

Duk da haka, ɗan lebura bai shiga cikin wannan daula ba. Wanda ya lura da haka shi ne Richard Schirrmann, malamin firamare da aka haifa a 1874. Ya koyar a Gelsenkirchen, cikin yankin haƙar kwal, inda ya ga irin zaman da 'ya'yan leburori ke yi, kafin ya koma garin Altena a 1903. Ra'ayinsa shi ne, yaro ya fi fahimtar labarin ƙasa da na tsirrai idan ya taka ƙasar da ƙafarsa, don haka yakan fita da ajinsa tafiyar kwanaki. Matsalarsa kullum ita ce wurin kwana, domin manomin da zai karɓi yara biyar ba lalle ne ya karɓi aji guda ba.

A ranar 26 ga Agusta 1909, yana kan hanyar Altena zuwa Aachen da ɗalibansa, sai hadari mai ƙarfi ya tsare su a kwarin Bröl. A ƙarshe wata makarantar ƙauye ce ta buɗe musu aji suka kwana a kan ciyawa. A daren nan ne tunanin ya zo masa: kowane ƙauye yana da makaranta, kowace makaranta kuma a rufe take lokacin hutu, watau daidai lokacin da yara ke yawo. Me zai hana a jingine bencina, a shimfiɗa katifun ciyawa, a sami masauki a ƙarshen tafiyar kowane yini, wajen kilomita 30 tsakanin wannan da wancan? Ya fara da makarantarsa, sa'an nan a 1912 aka ba shi ɗakuna a tsohuwar fadar Altena da ke bisa dutse, wadda ta zama masaukin matasa na dindindin na farko a duniya.

Sirrin arahar masaukin shi ne, baƙo shi ne baran kansa. Shi zai gyara gadonsa, ya share ɗaki, ya wanke kwanonsa, kuma mutane da yawa ne ke kwana ɗaki ɗaya, maza daban mata daban. Da taimakon wani mai masana'anta, Wilhelm Münker, aka kafa ƙungiyar masaukan ta ƙasa a 1919. Kafin 1932 ta ƙare Jamus tana da masaukai fiye da 2,000, kuma a shekarar ne aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa a birnin Amsterdam.

Sai dai araha ba ta nufin ganganci, domin tsauni bai san mai kuɗi da talaka ba. Wanda ba shi da ɗan jagora dole ya iya lissafi. Akwai wata ƙa'ida da William Naismith, mutumin Sikotilan, ya fitar a 1892, wadda har yanzu ake aiki da ita: a ware awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Alal misali, tafiyar kilomita 15 mai hawan mita 900 za ta ci awa 4 da rabi, ban da hutu. Haka kuma zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 da aka hau. Wanda ya bar gindin dutse yana gumi, yana iya isa samansa yana makyarkyata. Don haka a cikin kayan matafiyi akwai uku da ba a yi musu rowa: takalmi, da rigar ruwa, da bargo.

Giwar soke allura

A kudancin ƙasar kuma, a wani ƙaramin gari mai suna Giengen, wata mace tana yin irin wannan aiki da allura. 'Yartsanar tsumma dai ba baƙuwa ba ce a duniya. An tono irinta a Masar tun ta zamanin Rumawa, kuma 'yan matan Hausa sun daɗe suna yin tasu 'yartsanar da kara ko ƙashi su ɗaura mata ƙyalle. Amma wadda ake sayarwa a kantunan Turai a ƙarni na 19, mai kan tangaran ce, ga tsada ga saurin fashewa, ta fi dacewa da kallo bisa ga runguma.

An haifi Margarete Steiff a 1847. Tana da shekara ɗaya da rabi shan-inna ta kama ta, ƙafafunta suka mutu, hannunta na dama kuma ya raunana. Duk da haka ta koyi ɗinki, kuma da ta sami keken ɗinki sai ta juya shi baya ya koma gaba, domin ta riƙa murza shi da hagu. A 1877 ta buɗe shagon ɗinka tufafi da wani yadin ulu wanda dannewa ake yi ba saƙawa ba, irin wanda ake yin jar dara da shi. A 1880 ta bi wani zane da ta gani a mujallar ɗinki ta yi 'yar ƙaramar giwa, da nufin mata su riƙa soke allura a jikinta. Yara kuwa da suka gani sai suka ɗauke ta suka mai da ita abin wasa. Ɗan'uwanta Fritz ya kai wasu kasuwar Heidenheim suka ƙare, daga nan sai ga biri da jaki da doki da raƙumi.

A 1902 ɗan ɗan'uwanta Richard, wanda ya yi karatun zane a Stuttgart, ya tsara siffar beyar, wata dabbar daji mai yawan gashi ta ƙasashen sanyi. Tsawonta santimita 55, an yi ta da yadin gashin akuyar Angora, hannuwa da ƙafafu kuma suna juyawa. A bajen kolin Leipzig na 1903 wani ɗan kasuwar Amurka ya yi odar guda 3,000. Can Amurka kuwa an riga an fara kiran irin wannan abin wasa da laƙabin Shugaba Theodore Roosevelt, watau Teddy, saboda ya ƙi harbin wata beyar da aka ɗaure masa wurin farauta a 1902. A shekarar 1907 kaɗai gidan Steiff ya ɗinka guda 974,000. Margarete ta rasu a watan Mayu 1909, wata uku kafin hadari ya tsare Schirrmann.

Hanyar ɗinkin ba ta sake ba sosai har yau, kuma mai allura da zare yana iya bin ta a gida. Akan zana kowace gaɓa a takarda, a ɗora kan bayan yadi a yanka, ana kula gashin yadin ya kwanta ta fuska ɗaya. Sa'an nan a haɗa biyu-biyu a ɗinke ta ciki, a bar 'yar kafa, a juyo fuskar waje. Ta wannan kafa ake cusa abin ciko, ana farawa daga ƙarshen hannu da ƙafa don kada a bar rami. A da siraran firar katako ake cusawa, daga baya aka shigo da audugar rimi, wadda Bahaushe ya sani a matashin kai. Gaɓoɓi kuwa, faifai biyu na kwali mai ƙarfi ake sawa, ɗaya cikin jiki ɗaya cikin hannu, a soke su da ƙusa a lanƙwasa. Hanci da baki da zare ake yi. Idan yaron bai kai shekara 3 ba, to idon ma da zare ya kamata a yi, domin maɓalli yana iya cirewa ya shaƙe shi.

Yadda araha ta so kuɓucewa

Abin da ya yi farin jini ba ya rasa mai son mallake shi. Yawon matasa hukuma ce ta ƙwace shi. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai suka rushe ƙungiyoyin matasa masu zaman kansu, suka sa masaukan a ƙarƙashin ƙungiyar matasan Hitler, yawon ganin ƙasa ya koma maci da fareti. A 1936 aka tilasta wa Schirrmann sauka daga shugabancin ƙungiyar duniya. Sai bayan yaƙi, daga 1945, ya sake sa hannu wajen farfaɗo da aikin, har ya rasu a 1961.

Ita kuwa 'yartsana, kasuwa ce ta ɗauke ta. Tun 1904 gidan Steiff ya fara maƙala maɓallin ƙarfe a kunnen kowace dabba don a bambanta ta da ta masu kwaikwayo, kuma sannu a hankali maɓallin ya zama alamar tsada. A 1994 an yi gwanjon wata tsohuwar beyar ta Steiff a Landan a kan fam 110,000. Abin da aka fara don yaro ya runguma ya koma abin da manya ke kullewa cikin akwatin gilashi.

Kammalawa

An ga yadda al'amuran nan biyu suka taso daga tushe ɗaya, watau mutum ya dubi abin da ke gabansa wanda ba a amfani da shi, ko aji ne da ke rufe lokacin hutu, ko guntun yadi ne da ya rage a shago, ya sa ƙarfinsa a madadin kuɗi. An kuma ga cewa gini da suna da tambari duk ana iya ƙwace su ko a sa musu farashi. Abin da bai ƙwatu ba shi ne sanin yadda ake yi. Fadar Altena tana nan, an mai da ɗakunan farko gidan tarihi, kuma har yanzu akwai masaukin matasa a cikin harabarta. Wanda ya iya lissafin tafiyar yini, ya iya hura wuta a bakin rafi, ko ya iya juya ɗinki ya cusa masa auduga, yana riƙe da duk abin da Schirrmann da Margarete Steiff suka fara da shi.