Haɗa kwamfutar wasa a Daura: ina kuɗinka zai fara zuwa?

Ɗalibin da ke tara kuɗi don haɗa kwamfutar buga eFootball ko EA Sports FC, idonsa kan fara sauka kan akwati mai fitilu kala-kala. To, fitila ba ta ƙara wa wasa gudu. Aikin katin hoto ne wannan, don haka shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka. Radeon RX 6600 mai 8GB ya ishe ka yawancin wasanni a 1080p. Haɗa shi da masarrafi Ryzen 5 5600, babban allo B550, SSD, da RAM ta DDR4 mai 16GB. Ka sayi guda biyu masu takwas-takwas, sun fi guda ɗaya sauri.

Aljihu bai kai ba? Ɗauki Ryzen 5 5600G, yana fitar da hoto da kansa, kati ya biyo baya. Amma a kula, 5600 marar G ba ya nuna komai sai da kati.

Inda yara ke yawan yin rowa shi ne na'urar rarraba wuta. A Kusugu, kamar sauran unguwannin Daura, wuta kan ɗauke ta dawo da ƙarfi, kuma mai arha na iya ƙonewa ta tafi da katin da ka sha wuya a kansa. Nemi mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, ka ƙara UPS. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuwa suna son akwati mai raga da fanka biyu ko uku.

In kayan hannu za ka saya a titin Beirut na Kano, tafi da babba, kuma kada ka biya sai an kunna katin a gabanka ya ɗauki wasa na minti 20.