Kirsimeti: Daga Chikaji Zuwa Habasha

A Chikaji da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, tun kafin 25 ga Disamba ake jin ƙamshin Kirsimeti. Teloli su kwana kan keke, kaji su yi tsada, 'yan kasuwa Ibo da dama su rufe shago su tafi gida. Ranar kuwa, da an taso daga coci, sai yara su yi ta kai kwanukan shinkafa gidajen maƙwabta Musulmi, waɗanda su ma ke aiko da naman layya da Babbar Sallah. Zumunci ne da bai kamata ya yanke ba.

Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar kuwa sai 7 ga Janairu suke nasu bikin, don tsohuwar kalanda suke bi, bayan sun yi sama da kwana 40 ba cin nama.