Zaɓen Bel Don Wasan Golf

A filayen golf da yawa, doka ce ɗan wasa ya cusa rigarsa cikin wando, saboda haka bel ɗinsa a fili yake. A shekarun 1970 farin bel ya yi tashe a Amurka, kuma Johnny Miller, zakaran gasar US Open ta 1973, ya yi suna da shi.

Amma ado kaɗai bai isa ba. Da ƙugu ake juyawa wajen bugu, zagayen ramuka 18 kuwa yakan ci kimanin awa huɗu. Bel mai tauri da ƙaton kai yakan tokare ciki ya ɓata bugu. Saƙaƙƙe mai miƙewa ya fi dacewa. Mai son na fata ya nemi mai laushi, wanda launinsa ya dace da takalminsa.