Haruffa masu lanƙwasa a manhajar rajistar sunaye

Wannan maƙala ta shafi matsalar da ke jiran duk ƙaramin kamfanin da zai tsara manhajar rajistar manoma ko ƴan makaranta a gunduma irin ta Korgom, cikin jihar Maraɗi. Suna ɗaya yakan zo da rubutu biyu: na Faransanci (Tessaoua) da na Hausa (Tasawa). Idan na'ura ba ta gane cewa ɗaya ne ba, za a ƙirga mutum sau biyu, ko a rasa shi ranar rabon iri.

Tun 1991 tsarin Unicode ya ba haruffan nan lambobi: ɓ (U+0253), ɗ (U+0257), ƙ (U+0199), ƴ (U+01B4). Amma akwai tarko biyu.

Na farko, dabarar NFD da ke raba é zuwa e da alamarta ba ta taɓa ƙ, domin harafi ne guda. Dole mai tsarawa ya rubuta jadawalin musanya da kansa.

Na biyu, jeri bisa lamba yana kai ɓ da ƙ bayan z. Maganinsa shi ne ƙa'idar jerin Hausa ta ICU.

Saboda haka a ware gurbi biyu ga kowane suna. Ɗaya ya riƙe sahihin rubutu cikin UTF-8, tunda baki daban, baƙi daban. Ɗayan mabuɗin bincike ne, inda ƙ ke komawa k, tch ya koma c, dj ya koma j. A bincika da na biyun, a buga takarda da na farkon.