Su Wa Za Su Koya wa Likitocin Gobe?

Sa'ad da aka kai mara lafiya asibiti, abin da ke zuciyar danginsa ɗaya ne, watau a sami likita wanda ya san aikinsa. Ba safai mukan tambayi kanmu inda likitan nan ya samo saninsa ba. Amma bayan kowane likita akwai malami wanda ya tsaya da shi a gefen gadon majinyaci, ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake taɓa ciki, da yadda ake sauraron ƙirji. Bayan malamin kuma akwai shugaba wanda ya shirya karatun, ya nemo kuɗi da kayan aiki. A wannan wata muna so mu duba yadda ƙasarmu ta sami irin waɗannan mutane, gama yanzu suna neman su yi mana ƙaranci.

An buɗe sashen koyon aikin likita a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Da fari ɗalibai sukan fara karatu a Ibadan, sa'an nan su haye zuwa Ingila su ƙarasa, domin ba asibitin da ya isa a koya musu a gida. A 1957 aka buɗe babban asibitin koyarwa na Ibadan, a 1962 kuma jami'ar ta tsaya da ƙafafunta, ta daina ba da digirin Landan. Shekara 14 ke nan ana goyon ta kafin a sauke.

Labarin Zariya ya fi kusa da mu. Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa nata sashen a 1967, lokacin da Dokta Ishaya Audu yake shugaban jami'ar. Shi kansa likitan yara ne, ya kuwa riƙe jami'ar daga 1966 zuwa 1975. Ƙasa tana cikin yaƙi, likitoci 'yan Arewa kuma ana ƙirga su da yatsu, saboda haka tilas a nemo malamai daga nesa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo shi ne Farfesa Eldryd Parry, mutumin Birtaniya, wanda ya riga ya koyar a Ibadan da ƙasar Habasha. Ya iso Zariya a 1969 ya zauna har 1977.

Abin da ya burge mu game da malaman nan shi ne, ba su ce wa ɗalibai su haddace littattafan Turai kaɗai ba. Sun sa ido a kan cututtukan da ke cika ɗakunan asibitin nasu. Parry da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura mata da yawa na ƙasar Zazzau suna zuwa da kumburi da sarƙewar numfashi 'yan makonni bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka ga abin yana da nasaba da al'adar jego: shan kunun kanwa da yawa, da wankan ruwa mai zafi ƙwarai safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa tana sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ba littafin Landan da zai faɗa wa ɗalibi wannan. A shekarun nan dai Brian Greenwood yana binciken sanƙarau a Zariya, David Warrell yana binciken saran kububuwa, Farfesa Kelsey Harrison kuma, ɗan Nijeriya, ya bi labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya. Sakamakon da aka buga a 1985 ya nuna matan da ba su zuwa awo su ne suka fi mutuwa wajen haihuwa. Ɗalibin da ya tashi a tsakanin irin waɗannan mutane yakan gane cewa malamin likita ba mai maimaita abin da wasu suka rubuta ba ne.

Parry bai kafa sansani a wuri ɗaya ba. Daga Zariya ya koma Ilori ya zama shugaban farko na makarantar likitocinta daga 1977 zuwa 1980, inda aka riƙa aika ɗalibai su zauna a ƙauyuka tun shekarunsu na fari. Daga nan ya tafi Kumasi ta ƙasar Gana har 1985. Ya rasu a 2022. Mu a ganinmu, ma'aunin baƙon malami shi ne wa ya bari a kujerarsa ran da ya ɗaure kayansa. Farfesa Umaru Shehu, wanda ya shugabanci sashen kiwon lafiyar jama'a a Zariya, daga baya ya riƙe Jami'ar Nsukka, Harrison kuma ya riƙe ta Fatakwal. Makarantar da ke fid da irin waɗannan ta wuce zaman goyo.

Sauran abu ɗaya ya rage a lokacin. Likitan da ke so ya ƙware a fanni ɗaya, har ya isa koyarwa, sai ya tafi Ingila ko Amurka. Likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma suka haɗa kansu tun 1960, takwarorinsu masu ba da magani suka kafa tasu kwalejin a 1976, gwamnatin Nijeriya kuma ta kafa kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa a 1979. Tun daga nan malamin Enugu yakan zo ya jarraba ɗalibin Kano, na Akra ya jarraba na Jos, kowa yana ganin aikin ɗan'uwansa.

Sai dai iya aikin likita daban, iya shugabanci daban. Galibi akan ɗora mutum a kan makarantar likitoci saboda ya daɗe, ko saboda yawan rubuce-rubucensa, alhali kuwa ba wanda ya taɓa koya masa tsara kasafin kuɗi, ko shirya jarrabawa mai adalci, ko sulhunta manyan malamai biyu da ba su ga maciji. Ga shi kuma makarantar tana da iyayengiji biyu. Jami'a tana ƙarƙashin ma'aikatar ilmi, asibitin koyarwa yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kowanne da shugabansa da asusunsa. In shugabannin nan biyu ba su jitu ba, ɗalibi ne ke shan wuya, bayansa kuma majinyaci.

Wannan giɓi yana cikin abubuwan da wani shiri mai suna MEPI ya yi ƙoƙarin cikewa daga 2010 zuwa 2015. Gwamnatin Amurka ta ba da wajen dala miliyan 130 ga makarantun likitoci 13 a ƙasashen Afirka 12. Sabon abu a nan shi ne, kuɗin ya shiga hannun makarantun Afirka kai tsaye, su ne ke jagora, jami'o'in Amurka kuwa abokan tafiya. A Nijeriya Ibadan ce ta ja gaba, tare da Jos, Maiduguri, Zariya, Legas da Nsukka. Malaman da dā kowa ke harkarsa a garinsa suka zauna tare suka sake duba tsarin karatu, aka horad da ƙananan malamai kan bincike da neman kuɗin bincike, aka haɗa su da manya masu yi musu jagora. Shekara biyar ba ta isa a raini shugaba ba, amma ta isa mutane su san juna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a Zariya ya koyi aikin likita, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun baya, waɗanda suka rage kuma wajen 55,000 ne ga mutane fiye da miliyan 200. Gwamnati ta amsa da ƙara yawan ɗaliban da aka yarda makarantu su ɗauka. Wannan ba laifi ba ne. Amma masu tafiya da yawa su ne 'yan tsakiya, waɗanda suka gama ƙwarewa ko suna gab da gamawa, watau malaman gobe da shugabannin jibi. Mu ƙirga tare: shekara 6 a makaranta, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa, sa'an nan shekara 5 ko 6 na ƙwarewa. Yaron da ya shiga makarantar likitoci bana, ko da ba yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa, ba zai tsaya gaban ɗalibai a matsayin cikakken malami ba sai bayan shekara 13 ko 14. Ajin da aka ninka kuwa yana bukatar wanda zai zagaya da shi gadajen majinyata tun shekara uku masu zuwa.