Abin da Ke Bayan "Danna 1, Danna 2"

Duk mai waya a Rara ko Goronyo ya san *310# na duba kuɗin kati ne, *312# kuma na sayen data, tun da hukumar NCC ta daidaita lambobin ga dukkan kamfanoni a 2023. Kana danna *312# sai jeri ya fito, ka zaɓi 1 ko 2, a kai ka inda ka nufa. Masu rubuta manhaja suna da umarni na musamman don irin wannan rarrabewa, sunansa switch. Ana miƙa masa abin da aka danna, ya bi zaɓuɓɓukan da aka jera, kowanne da alamar case, har ya iske wanda ya dace. In babu, ya sauka kan default.

Tsohon salonsa, wanda harshen C na Dennis Ritchie ya yaɗa tun daga 1972, yana da tarko. Idan aikin zaɓi ɗaya ya ƙare ba a rubuta break ba, kwamfuta ba ta tsayawa, zarcewa take ta aikata na ƙasa da shi. Mai noman rani a Wurno ya san haka: in ka shayar da fangalin albasa ba ka toshe bakinsa ba, ruwan zai shiga na gaba. Kuma manhajar ba ta yin gargaɗi, shi ne mugun abin. Ranar 15 ga Janairu 1990, break guda da aka ajiye ba a muhallinsa ba ya rikita layukan kiran nesa na kamfanin AT&T a Amurka na kimanin awa 9.

Don haka aka fito da switch mai mayar da amsa kai tsaye, a C# 8 cikin 2019, a Java 14 cikin 2020. Kowane zaɓi da kibiyarsa da amsarsa, babu zarcewa. Abin da ya fi burge ni, Java ba ta yarda a haɗa manhajar sai an tanadi amsar kowane zaɓi.

Sai kuma daidaita siffa, wanda Python 3.10 ta kawo a 2021, Java 21 kuma a 2023. A nan ba lamba kaɗai ake dubawa ba, har da irin abin da ya shigo da abin da ke cikinsa. Ɗauki na'urar POS ran kasuwa: cire kuɗi daban, turawa daban, tura kuɗi na ɗauke da lambar asusu. Layi guda zai gane cewa turawa ce, ya zaro adadin da asusun, ya gindaya sharaɗin kada adadin ya haura abin da ke ajiye.

Ɗalibin da ke koyon Python a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kula: match, wato umarnin daidaita siffa na Python, ba ya tilasta cika zaɓuɓɓuka. In babu wanda ya dace, wucewa yake shiru, don haka ka rubuta zaɓin ƙarshe da hannunka.